Allurar da Ba a Sirka Ba

Ƙurjin a kumatuna na hagu ya fito, ƙasa da ido kaɗan. Ba irin ƙananan ƙurajen nan ba ne da ke yin baki su bushe a kwana biyu. Wannan can ciki ya zauna, ba shi da kai, ya yi tauri kamar an cusa min ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata. In na yi dariya ya yi min zogi, in na sunkuya kan littafi sai in ji yana bugawa kamar yana da tasa zuciyar daban. Sati uku yana nan, ko gezau.

Anti, matar Yayana, tana da shagon gyaran jiki a bakin layinmu. Ɗaki ɗaya ne, kujeru biyu, da madubin da ya tsage a kusurwa, da wata 'yar fanka mai ƙara kamar tana tari. Kafin ta buɗe shagon ta yi wata bakwai tana rubuta sunayen marasa lafiya a wani asibitin fata, kuma tun daga lokacin take magana kamar ita ta yaye likitan. A gida 'Yar Littafi take kirana, ba kuma don yabo ba.

Wata safiya muna karyawa ta ɗago haɓata da yatsa ɗaya.

"Ke 'Yar Littafi, wannan dutsen da kika ɗauko a fuska, gini za ki fara da shi?"

Yaya ya ƙware da shayi don dariya. Ni dai na sunkuyar da kai.

"Ki zo shago anjima in soke miki shi. Allura ɗaya, kwana uku, ba za ki san an yi shi a duniya ba."

Na ce ina tsoron allura. Gaskiya ne, ina tsoron allura, ina tsoron karnuka, ina tsoron a kira sunana cikin mutane. Umma ta ce, "Ki je mana. Ga likita a cikin gida, sai ki zauna kina rungumar ciwo?"

Sai na je.

Ta zaunar da ni, ta goge wurin da auduga mai sanyi. Daga cikin durowa ta ɗauko wani ɗan kwali, ta fito da 'yar kwalba mai ruwa fari kamar madara, ta girgiza ta sosai. Sitiroyid ne, in ji ta, shi manyan likitoci ke yi wa 'yan fim. Ta soka sirinji a bakin kwalbar ta zuƙo kai tsaye.

"Anti, ba... bai yi yawa ba?"

"Ji ta. Su likitoci ɗigo suke ɗiga wa mutum don ya sake dawowa. Ni ba na rowar magani. Rufe ido."

Na rufe. Na ji shigar ƙarfen, sannan na ji wurin yana cika, yana cika, har hawaye ya gangaro min cikin kunne.

Abin da ba zan ɓoye ba shi ne, ya yi aiki. Washegari zogin ya tafi. Kwana na uku na tashi na shafa kumatuna, sumul. Na tsaya gaban madubi na fi minti goma, ni da ba na iya haɗa ido da kaina. Anti ta ja ni bakin ƙofar shago inda haske yake, ta ɗauke ni hoto. Dama ta ɗauki wani kafin allurar. Haka take yi wa kowa, ɗaya ranar da mutum ya zo, ɗaya a kwana na uku, ta wanke su ta manna a bango, ta rubuta KAFIN a kan wannan, BAYAN a kan wancan. Nawa ne na goma sha ɗaya a jere. A hoton har murmushi nake yi.

A sati na huɗu wurin ya fara lotsawa.

Da farko na zaci haske ne ke min wasa. Sai na sa yatsa, kan ɗan yatsana ya shige ya zauna daidai, kamar an yi ramin dominsa. Fatar ta yi siriri, tana ƙyalli, ta kuma yi fari a zagaye kamar an ɗiga mata bilicin. Kullum sai na auna da yatsa, kullum sai in ga ya ƙara zurfi. Na samu Anti a tsakar gida tana shanya, Umma tana zaune kan tabarma tana gyaran farce.

"Anti, kin ga wurin da kika yi min allurar."

Ta matso, ta duba, na ga idonta ya ɗan girgiza. Na gani, na rantse na gani. Amma sai ta ja tsaki.

"Matsewa kika yi."

"Ban taɓa ba."

"Ƙarya kike. Aikina na bango, kowa ya ga yadda na sallame ki. Ke kika koma kika sa farce. Umma, ba kullum hannunta na fuskarta ba in tana karatun nan nata?"

To, hakan gaskiya ne, ina tallafe kumatu in ina karatu. Umma ta dube ni, ta girgiza kai.

"An gyara miki fuska kin ɓata da hannunki, kuma kin zo za ki ɗora wa baiwar Allah. Ba ta haƙuri."

Na ba ta haƙuri. Da bakina na ce, "Anti, ki yi haƙuri." Ramin bai yi min zafin da wannan kalmar ta yi min ba. Uwata ta dubi fuskata, ta dubi surukarta, ta zaɓi maganar surukar. Tun daga ranar na fara sa takunkumin fuska ko'ina zan je, na ce wa mutane mura nake. Tun daga ranar kuma wani abu ya zauna min a ƙirji, shi ma ba shi da kai, shi ma mai tauri.

Ni ban iya faɗa ba. In na buɗe baki cikin fushi, in'ina ke kama ni. Abu ɗaya na iya, karatu. Don haka ranar da Anti ta aike ni shago in ɗauko mata caja, na duba kwandon shara na tsinci kwalin maganin. A ciki akwai takardar nan mai ninki takwas da ba wanda ke karantawa, rubutunta ƙanana kamar ƙwan kiyashi. Na karanta ta sau uku da ƙamus a gefe. A can ƙasa, inda ake jera illoli, na ga an rubuta cewa maganin yana iya cinye naman da ke ƙarƙashin fata, wuri ya lotsa, launi ya kwashe, kuma ba nan take yake nunawa ba, sai bayan makonni.

Washegari na tafi asibitin da Anti ta taɓa yi wa aiki. Sau biyu ina kaiwa ƙofa ina juyawa. A na uku wata nas, dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta ce, "Ke 'yata, shigowa za ki yi ko gadin ƙofar aka ba ki?"

Na shiga. Na sauke takunkumin. Ba ta tambaye ni ko na matse ba. Ta juya fuskata wajen taga, ta ce, "Wa ya yi miki allurar sitiroyid?"

Na faɗa mata. Ta cire tabaraun ta riƙe a hannu.

"Wannan doguwar mai surutu da ke zama a tebur? Innalillahi. Da me ta sirka?"

"Sirka?"

"Daga kwalba ta zuƙo ta zuba miki?"

Na gyaɗa kai. Nas ta zauna a kujera kamar an tura ta.

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kin ga, daga teburinta tana hango likita in an bar ƙofa a buɗe. Tana ganin kwalba a kan faranti, tana ganin ya ɗauki sirinji ya soka. Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne ɗakin baya, inda ni nake haɗawa kafin in kawo farantin. Wannan mai ƙarfin, kashi ɗaya na magani nake sa wa ruwan gishiri na asibiti wajen kashi goma sha biyar. Kuma abin da ake sa wa ƙurji ɗaya bai kai ɗigon hawaye ba. Allurar tana da kyau, 'yata, a hannun wanda ya san ta. Rabin aikin ta gani ta ɗauka shi ke nan."

Ta ce in ba ta lambar Anti ta kira ta yanzun nan ta ja mata kunne. Na ce ba ni da ita a ka. Ƙarya na yi, na haddace ta tun ranar da aka kawo ta gidanmu. In nas ta kira ta, za ta gyara a ɓoye, ta fara sirkawa, ta ci gaba da zama likitar gida, ni kuma in mutu a matsayin wadda ta ɓata fuskarta da farce. Ban so a gyara mata ba. So nake ta faɗa da bakinta a gaban Umma, kamar yadda ni ma na ba ta haƙuri da bakina a gaban Umma.

Na koma shago na tsaya gaban bango kamar mai sha'awar hotuna. Cikin goma da ke gabana na gane biyu: telar da ke ɗinki a bayan tasha, da malamar firamaren da ke wucewa ta layinmu da jakar littattafan yara.

Tela na fara samu. Tana kan keken ɗinki, ga filasta manne a haɓarta. Ban san yadda ake fara irin wannan magana ba, sai kawai na sauke takunkumina na tsaya. Ta tsayar da keken. Ta ɓare filastar a hankali. Nata ya fi nawa faɗi.

"Ce min ta yi matsewa na yi," in ji ta.

"Ni ma."

"Ke ma? Kutumar... riƙe min shagon nan, yau sai na yi mata ɗinki a baki!" Har ta ɗauki almakashi.

Na riƙe mata hannu. Ni, da ban taɓa riƙe hannun baƙo ba. Na ce mata Anti za ta koma sabon shago a bakin titi nan da sati uku, za a yi taron buɗewa, ta gayyaci duk manyan kwastomominta, kuma ta ce za ta yi allurar a gaban jama'a don a gani. Tela ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke shiru-shirun nan naki ba na Allah ba ne. Zauna, ba ni labari."

Malama ta fi wuya. Hoda take cusawa a ramin nata, a goshi, har ta toshe shi kamar mai yaɓen bango. Ta ce ita ba ta son tashin hankali. Na miƙa mata takardar cikin kwalin, na nuna mata layin da na ja wa biro. Ta karanta ta daɗe ba ta ɗago ba. Sai ta ce, "Yara a aji suna ce min Malama mai rijiya. Ƙarfe nawa ne taron?"

Sati ukun nan ban taɓa yi wa Anti ladabi irin nasu ba. Na taya ta ɗaure kaya, na goge mata kwalabe. Da muka zo cire hotuna daga bango na ce, "Anti, me zai hana a ƙara musu girma? A sabon shago bango yana da faɗi, daga titi ma a hango."

"Ashe dai kan nan naki yana ja," ta ce, tana murna. Aka wanko su manya, kowanne ya kai faranti.

A cikin satin nan uku mutum biyu sun shiga an yi musu allurar. Na gan su, ina zaune a wajen, ban ce komai ba. Ɗaya ma ta gaishe ni. Wannan ina ɗauke da shi, kuma ba zan ce ban san abin da nake yi ba.

Ranar taron da la'asar aka cika. An ɗaura balan-balan a ƙofa, an jera kujerun roba har waje, ana raba lemo. Umma na layin gaba cikin sabon mayafi, Yaya yana ta kai da kawo yana ɗaukar bidiyo. Babbar baƙuwa ita ce Hajiya mai otal ɗin kan kwana, ta zo da 'yarta, budurwa sa'ata mai ƙurji a gefen hanci. Ita za a yi wa allurar. Tela ta zauna can gefe da filastarta, Malama kusa da ita, jaka a cinya. Ni ina tsaye jikin bango, takardar cikin kwalin a dunƙule a hannuna.

Anti ta yi jawabi. Ta nuna hotuna ɗaya bayan ɗaya, aka yi tafi. Ta zaunar da 'yar Hajiya, ta goge mata fuska, ta girgiza kwalba, ta zuƙo. Na buɗe baki sau ɗaya, ba abin da ya fito. Na sake.

"A... Anti. Da me kike sirka shi?"

Ta juyo tana dariya, sirinji a sama. "Jama'a, ƙanwar mijina ce, 'Yar Littafi. Sirki kuma? Ruwan wanka ne? Ku ji da kyau, ni zallarsa nake yi wa kowa, daga kwalba sai fuska. Ban taɓa sa masa ko ɗigon ruwa ba. Duk waɗannan da kuke gani a bango, zalla na yi musu."

"Har ni?"

"Har ke mana, ga ki can kina washe baki."

Na taka na je ƙarƙashin hotona na tsaya. Igiyar takunkumin ta maƙale a ɗan kunnena, sai da na fizge ta. Na juya kumatuna wajen haske.

Tela ta miƙe, ta je ƙarƙashin nata, ta ɓare filasta ta manna a kan kalmar BAYAN. Malama ta fito da jiƙaƙƙen hankici daga jaka, ta tsaya a nata wurin, ta goge goshinta a hankali kamar mai share allo, har ramin ya bayyana.

Fankar sama kawai ake ji.

"Ga hoto na uku, jama'a," in ji Tela. "Shi ne ba a wankowa. Ku matso ku kalla, kyauta ne."

"Matsewa suka yi!" Anti ta ɗaga murya. "Wallahi matsewa suka yi!"

Tela ta ce, "Mu ukun? Daidai inda kika soka? Ashe ƙungiya gare mu, ranar Laraba muke haɗuwa mu matse. Malama ce ma'aji."

Wani ya fashe da dariya a baya, aka ce masa ya yi shiru. Ni kuma na warware takardar. Na riga na haddace layin. Na karanta shi, na fassara da Hausa kalma bayan kalma, sannan na faɗi abin da nas ta gaya min game da ɗakin baya da ruwan gishiri. Ko sau ɗaya in'ina ba ta kama ni ba. Da na gama na ce, "Anti, a asibitin, kin taɓa shiga ɗakin bayan?"

Sirinjin na hannunta, ta rasa inda za ta ajiye shi.

Hajiya mai otal ta tashi, ta kama hannun 'yarta ta ɗaga ta daga kujera, ta zare audugar da ke manne a fuskarta ta yar a ƙasa, suka fita. Kamar an buɗe ƙofar garke, mata suka fara miƙewa, wasu suna shafa fuskokinsu, wata tana tambayar Malama bayan sati nawa nata ya fara. Yaya ya sauke waya, ya ma manta bai kashe bidiyon ba.

Anti ta juyo kaina, kwalliyarta ta jiƙe. "Munafuka! Ke kika ce a ƙara wa hotunan girma! Da kin zo kin gaya min a gida me zai faru?"

"Na zo, Anti. Kina shanya."

Na ji daɗi. A littattafai da yawa na karanta cewa mai ramuwa yakan ji bakinsa ya yi ɗaci bayan ya rama. Ni dai zaƙi na ji, tun daga harshe har tafin ƙafa, watakila ni ce ba ni da kirki. Na ɗauki lemo guda a kan tebur na shanye a tsaye, fuskata a buɗe.

Umma ba ta yi min magana a hanya ba. Washegari da hantsi ta shigo ɗakina, abin da ba ta saba ba, ta ture littattafan da ke bakin gado ta zauna. Daga sashen Yaya ana jin Anti tana magana a waya cikin kuka, ta rufe shago, ta ce ba za ta sake fita layi ba. Umma ta kamo fuskata da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta taɓa gefensa da babban yatsa, a hankali, kamar zai fashe.

"Da zafi?"

"A'a."

"Ni kuwa na ce matsewa kika yi."

Ta saki fuskata, ta gyara ɗankwalinta da bai kwance ba.

"Yayanki ya zo min tun da safe. Ya ce matarsa ta yi kuskure, ya yarda, amma kin tozarta ta a bainar jama'a. Yana so ki je ki ba ta haƙuri a zauna lafiya."

Na ce, "Zan ba ta, Umma. Ranar da ramin ya ciko."

"Yaushe zai ciko?"

"Nas ta ce wani wata uku, wani shekara. Wani kuma sai an yi masa aiki, shi ma ba tabbas."

Umma ta kalli ƙofa. Kukan Anti ya ƙara tashi. Sai ta dafa gwiwa ta miƙe.

"To, ai ba gaggawa," ta ce. "Sa takalminki ki kai ni wajen nas ɗin nan, in ji da kunnena. Sauran na bangon kuma, ki rubuto min waɗanda kika gane, a neme su."